Akwatin da Na Bari Babu Hoto

Shekarun baya, ina tsakiyar karatu a jami'a, aka koya mana wata manhaja ta tsara fuskar waya. Farin fili ne a gabanka, sai ka jawo akwati ko maɓalli ka ajiye inda kake so, ka faɗaɗa ko ka rage. Abin ya shiga kaina sosai. Ko jeren kwanukan mahaifiyata na kalla, sai in ji hannuna yana ƙaiƙayin matsar da wani.

Hutun damina na koma ƙauyenmu a bayan Tofa, gero ya fara fitar da kai. Yayana, ɗan farin gidanmu, direban babbar mota ne a Ikko, kuma a lokacin yana kwance da karaya a ƙafa, babu nasa ko ɗaya a kusa. Ya taɓa aiko wa mahaifiyata babbar waya, amma da yake ba ta karanta boko, wayar tana ƙarƙashin filo sai in an kira. Rannan a waya ya ce min, "Auta, kowa Inna tana sa a kira mata shi, ban da ni." Da dariya ya faɗa, amma na ji ciwon a muryarsa, kuma abin ya tsaya min a rai. Na ce ya bar min komai.

Na buɗe kwamfuta a gindin mangwaro na tsara mata shafi guda, akwatuna huɗu, kowane da hoton ɗanta ɗaya. Ta taɓa fuska, kira ya tafi. Na Yaya na ɗora a sama, na ja shi ya fi kowane girma, don a ganina babba ai babba ne. Na kai mata ina jiran yabo. Kallo ɗaya ta yi ta kifa wayar a kan tabarma.

"Cire wancan," ta ce.

Na san kunyar ɗan fari, tun da na taso ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Amma ni da wayona na ɗauka kunya ba ta shiga cikin waya. Ashe ba za ta iya ɗora yatsa a fuskarsa a gaban jikoki da matan maƙwabta ba.

Daga nan zama ya gagare ni. Na sauko da shi ƙasa, ta ƙi. Na rage shi ya koma kamar ƙwayar gyaɗa, ta ƙi. Na ɓoye shi a shafi na biyu, ta ce ita ba ta san hanyar can ba. Na cire fuskarsa na sa hoton mota, ta ce duk ƙauyen nan wa bai san mai motar ba? Kullum ina hanyar shagon mai caji da kwamfuta a hammata, har mahaifina ya ce na zama kaza mai neman wurin ƙwai. Ga shi ina lura da ita: da an ambaci Ikko a rediyo sai tankaɗe ya tsaya. Takan ce, "Shi wancan, ƙafar…" sai ta ci gaba da aikinta. Raina ya yi ta ɓaci, ita tana so, shi yana jira, ni na rasa inda zan ajiye akwati ɗaya.

Ranar komawata makaranta na goge hoton motar da niyyar nemo wani, sai ga mai babur yana ta danna ham a ƙofar gida. Akwatin ya rage a kusurwar ƙasa, launinsa ɗaya da bango, ido ba ya ganinsa. Haka na ɗora mata na ce, "Inna, nan ƙasan kada ki taɓa, ban gama ba, wajen Yaya zai tafi."

"Me zai kai ni?" ta ce.

Na tafi ina ganin na kasa, har kunyar ɗaukar kiran Yaya nake ji. Da ya matsa na ɗauka, sai ya ce, "Kai, me ka yi wa wayar Inna? Kullum bayan la'asar sai kiranta ya shigo. Wai hannunta ne ya goga. Sai ta ce tunda ya riga ya shiga, ya ƙafar, an ci abinci?" Ya fara dariya, dariyar ta sarƙe, ya kashe wayar.

Yanzu wannan aikin nake ci da shi, kuma har yau ina da saurin cika kowane fili da kaya. Sai dai kafin in ja akwati nakan tambayi kaina wa zai taɓa shi, kuma a gaban wa. Da na dawo hutu na gaba na ce mata ta kawo wayar in gyara wurin nan. Ta tura ta ƙarƙashin cinyarta ta ce, "Wa ya ce maka ya lalace?"