Mama Dinatu, Mai Duba Abin da Muke Ƙyama

Kafin rana ta yi zafi, Mama Dinatu ta riga ta sauka daga Keke Napep a ƙofar wani ƙaramin asibiti a Funtua, ta sa farar riga, ta shige ɗakin gwaji. Abin da ake kawo mata ba a faɗarsa a gaban abinci: kashin marasa lafiya ne a 'yan kwalabe. Mu muna toshe hanci, ita tana shafa shi a faranti, ta jira ta ga wace ƙwayar cuta za ta tsiro. A watan nan take ritaya.

Mu kuwa kowa likitan kansa ne. Ciki ya murɗa, a sayi kafso biyu a kemis, a haɗiye ɗaya, a zuba wa kaji ɗaya. Haka Malam Mudi, manomin masara daga Dandume, ya riƙa yi wa 'yarsa Raudatu, har zawo ya kwantar da ita, idanu suka zurma. A asibiti aka yi ta allura, ba sauƙi.

Nas Sa'adiya ta ba ni labarin yadda ya tsaya a tagar ɗakin gwaji yana huci: "Jabun magani kuka ba ta!"

Mama Dinatu ta fito da farantin gwajin yarinyar. "Malam, maganin na gaske ne. Ƙwayoyin cutar da ke hanjinta ke fitar da wani sinadari, yana narkar da shi kamar yadda yawu ke narkar da tuwo. Kafson da ake sha ana bari ya kashe raunana, ya bar waɗannan." Ta nuna masa wuri guda da ta sa wani magani daban, inda ƙwayoyin suka kasa tsirowa. "Wannan maganin kaɗai ya gagare su."

Malam Mudi ya ce, "In shi ma suka gane kansa fa, Mama?"

"Sai mu tsaya muna kallo."

Likita ya sauya magani, yarinya ta tashi. Amma amsar nan har yau tana tsorata ni.

Ke ce idon likita, Mama, ke da ba a taɓa yi wa tafi ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Matasan ɗakin gwaji, ku ɗauki haƙurinta. Sauranmu kuma, a gwada kafin a sha, in an fara a ƙarasa. Raudatu tana makaranta yanzu, tana guje-guje da ƙawayenta, ko sunanki ba ta sani ba.