Farfesa Safiatou Mu'azu da ƙwayar cutar da ta bar mana a Saga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Satumba 2025, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran malamata Farfesa Safiatou Mu'azu, tana da shekara hamsin da takwas. A labo, ɗakin bincikenmu, ta yanke jiki ta faɗi, farar rigar aiki a jikinta. Kafin mu kai ta likita rai ya yi halinsa.

Malama, ni ce Zeinabou. Yau kwana tara ke nan, kullum sai na buɗe labo da safe na tsaya ina jiran ƙarar takalminki.

Shekara talatin kika yi kina bin ƙwayoyin cutar da ke shiga hanjin yara su sa su zawo. Tambayarki ɗaya ce: me ƙwayar take yi wa tantanin hanji har ya saki ruwa da gishirin da ya kamata ya riƙe, yaro ya bushe cikin yini guda? Kin bar Damagaram kina budurwa saboda wannan tambaya. An yi miki tayin zama a ƙasar waje, kika ce yaran da ke mutuwa a nan suke.

Ranar da na fara aiki a hannunki, shekara goma sha huɗu da suka wuce, aka kawo kwalaben bayan gidan yara marasa lafiya. Wari ya buge ni, na fita da gudu na yi amai. Ba ki yi mini faɗa ba. Kika miƙo mini ruwa, kika ce, "Ɗiyata, kowace kwalba akwai uwar da ke zaune tana jiran abin da za mu ce. Wanke fuska ki dawo." Na dawo, ban sake fita ba.

Ba na manta shekarar da firijin labo ya mutu, kwana uku bayan Layya, ana zafin da ba a magana. Ƙwayoyin da muka tara shekara shida suna shirin lalacewa. Kika loda su cikin ƙanƙara, kika tuƙa motarki da kanki zuwa gidanki a unguwar Dar es Salam, nan Yamai, kika kwashe naman da ke naki firijin kika rabar wa maƙwabta. Mijinki, Alhaji Yakuba, ya dawo ya tarar ba nama, ga takarda manne a murfi: kada kowa ya buɗe. Har bana yana ba da labarin yana dariya. Da girmanki kuma kika zauna kika koyi Zabarmanci, don ki yi wa matan unguwar Saga bayanin ruwan gishiri da sukari ba tare da tafinta ba.

To yanzu fa, Malama? Tun da ruwa ya yi ambaliya a Saga cikin Agusta, yara ke zawo da jini. Mun gwada magani uku a kan ƙwayar, ko gezau ba ta yi ba. Yara bakwai sun tafi. Ranar Litinin da la'asar, ana gobe za ki rasu, kika ɗago kai daga madubin bincike kika ce mini, "Zeinabou, na ga wani abu. Bari in sake gwadawa, gobe zan nuna miki."

Ba ki nuna mini ba. Na karanta littafin aikinki shafi-shafi har idona ya yi ja. A shafin ƙarshe akwai lambar kwalba uku da rabin jimla. Na maimaita gwajin sau biyar, ban ga abin da kika gani ba. Ina tsoron ko hannuna ne bai iya ba, ko idona ne bai kai naki ba.

Shekaranjiya Hamsatu, wadda ɗiyarta ke kwance tun kafin rasuwarki, ta zo daga Saga har ƙofar labo. Ba ta ji labari ba. Ta ce, "Ina Lokotoro? Ta ce in dawo." Haka matan Saga ke kiranki, wato likita. Na faɗa mata kin rasu. Ta zauna a ƙasa ta daɗe, sannan ta dube ni ta ce, "To ke za ki duba mana?" Na ce mata i. Wallahi, Malama, ban san da me na amsa ba.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Safiatou, Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka sa kowane yaron da ya tashi ta dalilinta ya zame mata haske. Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Yakuba, da 'ya'yanta Nafisa da Abdu, da dangi na Yamai da Damagaram. Allah Ya ba ku haƙuri. Mu kuma da ta bari a labo, ya Allah Ka buɗe mana ido, Ka tashi kafaɗun yaran Saga tun suna da sauran numfashi. Amin.