Malam Safiyanu da Dutsen da Ya Ƙi Amsawa

Kullum da hantsi Malam Safiyanu yakan zauna a ƙofar gidansa a Birnin Kudu, yana buga yatsu a gwiwa, yana ƙirga gaɓoɓin wata waƙa da ba mai jin ta sai shi. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da Hausa tsakanin nan da Gwaram, bana ya yi ritaya. Kunnensa ya yi nauyi yanzu.

Mu ɗalibansa ba a aji muka koyi waƙa ba. Ranar Asabar yakan kai mu duwatsun bayan gari, inda mutanen zamanin da suka bar zanen shanu a jikin kogo. Kowa ya rera baitinsa, dutse ya mayar masa da ƙarshen. Yakan ce duk amsa-amon da dutse bai amsa ba, a sake shi. Mukan yi dariya, amma don tsoron kogon ba ɗayanmu da yake yarda a bar shi a baya shi kaɗai.

Shekarar da yayana Jafaru ya rasu na rubuta masa marsiyya. Muna gaba ya mutu, wata huɗu ba ma magana, amma na sa "mun rabu lafiya" don ya dace da amsa-amo. Ranar Asabar da muka je duwatsun, ina rerawa dutse na amsawa. Da na zo wannan ɗangon, shiru. Na sake, shiru. Ƙawata Zahara'u ta damƙe min hannu.

Malam bai ce aljanu ne ba, bai kuma ce ba su ba ne. Cewa ya yi, "Munawwara, a nan muryarki ta faɗi, domin kin san ba haka aka yi ba. Je ki rubuta abin da ya faru."

Na rubuta, na yi kukan da na kasa yi ranar jana'iza.

Malam, kai ne ka hana ni binne ɗan'uwana da ƙarya. Na gode, Allah ya saka maka da alheri. Malamai 'yan'uwana, ku koyar da gaskiya kafin ƙa'ida, yadda ya yi.

Makon jiya na kai shi wurin, na sake rera marsiyyar. Ba ya jin muryata, sai ya ɗora tafinsa a jikin dutsen. Da na kai "mun rabu ba mu shirya ba", dutse ya amsa. Malam ya gyaɗa kai.