Jaji Mai Wanke Saƙo

Jikokin Jaji da ke Dutse a yau suna son su ce kakansu jakada ne, wai har ƙasar waje an taɓa tura shi. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai ƙasar wajen nan tafiyar kwana biyu ce arewa da Garki, abin da ya je karɓowa kuwa raƙumar hakimi ce da ta tsallake iyaka ba ta yi sallama da kowa ba. Wannan ɓangaren ba sa cika faɗarsa.

An haifi Jaji a wani ƙauye tsakanin Dutse da Buji. Ubansa manomi ne, uwarsa Hassana Bafulatana ce, shi kuwa bai gaji ko ɗaya ba. In ya yi huɗa sai ta karkace, in aka ba shi kiwo shanun ne ke komawa gida su bar shi a daji. Abin da Allah ya ba shi ƙafa ce da baki, bakin ma mai harshe biyu, Hausa da Fulatanci. Saboda haka shekarar da Turawa suka ci Kano, dagacin ƙauyen, Barau, ya ɗauke shi ɗan aike.

Barau gajere ne, kakkaura, kuma a ƙasar nan kaf babu wanda ya kai shi iya zagi. Abokin gabarsa shi ne Ardo Bubayero, shugaban Fulanin da ke ruga a bayan fadama, dogo siriri mai magana ƙasa-ƙasa, wanda ba ya manta abin da aka yi masa ko da a mafarki ne. Asalin rigimar, wai shanun Ardo ne suka shiga dawar Barau wata kaka, mutanen Barau kuma suka datse wa bijimin Ardo wutsiya. Tun daga nan ba su ƙara zama wuri ɗaya ba. A wancan zamani kuwa babban mutum ba ya zuwa ya yi cacar baki da kansa. Yana zaune a zaurensa zai yi zaginsa, a sa wani ya ɗauka ya kai.

Aiken farko, Jaji ya kai saƙon yadda aka ba shi, bai rage ko wasali ba. Ya tsaya gaban Ardo ya ce dagaci ya ce a gaya masa shi da shanunsa hankalinsu ɗaya, sai dai shanun sun fi shi amfani. 'Ya'yan Ardo ne suka amsa, da sanduna. Jaji ya koma gida yana jan ƙafa, ya isar da amsar Ardo ita ma yadda take, Barau kuma ya jefe shi da akushi. A yini ɗaya ya ci duka a harshe biyu, kuma a ranar ya gama duk karatun da zai yi a duniya.

Daga nan ya ƙirƙiro sana'arsa. A tsakiyar hanyar ruga akwai wata tsohuwar tsamiya, nan yake zama ya cire takalmi ya wanke saƙo. In Barau ya ce, “Ka gaya wa ɓarawon nan in na ƙara ganin kofato a gonata sai na ƙone rugar,” abin da ke isa kunnen Ardo shi ne, “Dagaci yana gaisuwa, ya ce yaya iyali, kuma yana roƙon a ja wa yara kunne har a gama girbi.” In Ardo ya ce a gaya wa tukunyar nan mai rawani fadama ba ta ubansa ba ce, Barau sai ya ji cewa Ardo ya ce shi baƙo ne a ƙarƙashin inuwarsa.

Da yake ba a yarda da daddaɗar magana hannu sake, sai ya riƙa haɗawa da ɗan abin hannu. Zakara ya tafi ruga da sunan dagaci, ƙwaryar man shanu ta shigo gari da sunan Ardo. Duka daga gidan Jaji suke fita. Matarsa Rakiya ta gaji, wata rana ta tare shi a ƙofar ɗaki.

“Malam, wai kajin nan nawa aljanu ne ke kwashe su?”

“Suna aikin sulhu, Rakiya.”

“To sulhun nan ya fara cin na maƙwabta mana, ni nawa sun ƙare.”

Shekara goma ba a kai ƙarar ƙauyen gaban hakimi ba, abin har ya ba hakimi mamaki, ya sa aka nemo masa dalili. Dalilin ya zo da ƙafarsa, ya faɗi ya yi gaisuwa, aka ba shi riga aka ce daga yau shi jakada ne. Haka Jaji ya shiga harkar manya. Baturen da ke zagaya ƙasar a lokacin, wanda mutane suka laƙaba wa Jan Wuya saboda yadda rana ta gasa shi, mutum ne mai son raya ƙasa ko ƙasar tana so ko ba ta so. Shi ya zo da sabon irin auduga, ya ce a raba wa manoma. Manoma suka ce a gaya masa ba a tuƙa tuwo da auduga. Jaji ya gaya masa talakawa sun gode, sun ce iri mai daraja irin wannan ba a yi masa gaggawa. Jan Wuya ya rubuta wannan a littafinsa yana murmushi. A wannan zamanin ne kuma aka yi tafiyar raƙuma, inda Jaji ya shaida wa wani Bafaranshe cewa Ingila kaf ba a barci saboda kewar dabbar nan, aka sako masa ita har da guzuri.

Amma duk inda ya je ya dawo, Barau da Ardo su ne gonarsa ta gado. Kuma ya san abin da ya shuka a cikinta. Ba shi da garke, ba shi da rumbun kirki, abin da ya mallaka a duniya shi ne in ya ce “an ce,” a yarda an ce. Ranar da mutanen nan biyu suka haɗu suka gwada abin da kowa ya ji, ranar ya tashi a tutar babu.

Rijiya ce ta jawo ranar. Jan Wuya ya sa aka haƙa wata mai zurfi a bakin fadama, daidai tsakanin gari da ruga, ya ce ta kowa ce, kuma in aka zub da jini a kanta dagaci zai rasa rawani, Ardo kuma ya kwashe ya bar ƙasar. Barau ya ce in saniya ta sa baki a ruwan nan, mai saniyar zai bi guga. Ardo ya ce zai so ya ga hannun da zai jefa shi. Jaji ya zauna gindin tsamiya har inuwa ta juya, sannan ya tashi da tsari: mata su ɗiba da safe, shanu su sha da azahar. Ya gaya wa kowannensu ɗayan ne ya roƙi alfarmar. Don magana ta zauna, ya kai wa Ardo kwandon dabinon Dutse da sunan dagaci, ya kuma ja ragon Rakiya, wanda rani ya riga ya cinye rabinsa, ya kai wa dagaci da sunan Ardo.

Abin ya yi kyau har ya yi yawa. Jan Wuya ya ji daɗi, ya ce ranar buɗe rijiya yana son ya ga aminan nan biyu a tabarma ɗaya. Jaji ya shiga neman mafita. Ya ce Ardo na ciwon ƙafa, Bature ya ce a ɗauko shi a jaki. Ya ce ranar ba ta da sa'a, Bature ya ce shi bai san wannan ba.

Aka taru da hantsi. Barau ya zauna a wannan gefen tabarma, Ardo a wancan, kowa na kallon gabansa. Jan Wuya ya ce dagaci ya yi magana. Barau ya yi gyaran murya, ya ce da ƙyar, “To, Ardo, mun ga rago. An gode.”

Ardo ya ɗago kai a hankali. Ya dubi Barau, ya dubi Jaji, wanda ke ƙoƙarin ɓuya a bayan mutumin da bai kai shi tsawo ba. Duk wanda ya san Bafulatani ya san ba zai buɗe baki a gaban jama'a ya ce shi bai yi kyauta ba, gara a ce ya mutu. Sai ya ce, “Ba komai. Mu ma mun ga dabino.”

Yanzu kuma Barau ne ya juyo ya dubi Jaji. Shi ma dagaci ne, ba zai ce a gaban Bature bai san da dabino ba. Ya haɗiye, ya ce, “Ba yawa.” Aka jefa guga, aka yi addu'a, aka watse lafiya.

Washegari Ardo ya aika a kira Jaji. Ya same shi zaune kan buzu yana murza igiya.

“Jaji, ɗan Hassana. Ragon da na bayar, an ce mini ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa.”

“Allah ya ja zamanin Ardo, rani ne.”

“Ƙaryar ba ta dame ni ba. Amma ka rasa abin da za ka bayar da sunana sai wannan? Yanzu garin can kaf cewa suke Bubayero marowaci ne. Je ka. Ka ci gaba da zuwa, don na fi son ƙaryarka da ganin fuskarsa. Amma daga yau duk abin da ka kawo mini, ni na san naka ne.”

Barau kuwa takalmi ya jefe shi da shi, sannan ya ba shi sabon saƙo. Rijiya ta zauna lafiya, mata da safe, shanu da azahar. Wanda ya yi asara Jaji ne kaɗai. Labari ya bazu, har ta kai in ya shigo kasuwa a jiƙe ya ce ana ruwa, sai mutane su leƙa waje su duba. Yakan taya su dariya, amma abin yana cinsa ƙwarai, don ya san saboda su ya zubar da mutuncinsa.

Bayan shekara bakwai Barau ya kwanta ciwo. Wata safiya ya sa aka kira Jaji, ya kori kowa daga ɗakin. Mutumin da muryarsa ke kaiwa bayan gari, yau sai an sunkuya ake jinsa.

“Ka je wurin Bubayero. Ka ce ni na sa aka yanke wutsiyar nan, kuma shanun da suka ci dawata ma ba nasa ba ne, na sani tun a lokacin. Ka ce ya yafe mini, ina son in ji daga bakinsa. Jaji, wannan kada ka wanke shi.”

Jaji ya fita da sauri irin na tsoho. Bai tsaya ko'ina ba. Ya isa ruga yana haki, ya durƙusa, ya faɗi saƙon yadda aka ba shi, karo na biyu a rayuwarsa.

Ardo ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya. “Kai, Jaji! Tsufa bai rage maka komai ba. Wannan ya fi na kullum daɗi.”

“Wallahi, Ardo, shi ya faɗa. Mutumin nan ba zai kai la'asar ba.”

“Barau ya ce a yafe masa? Barau? Tashi ka sha nono ka huta.”

Jaji ya rantse, ya sake rantsewa, Ardo na ta girgiza kai yana murmushi. Tsoro ya kama Jaji irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban Bature. Ga mutum can yana jiran kalma ɗaya kafin ya gamu da Ubangijinsa, ga gaskiya a bakinsa tsirara, kuma shi da kansa ya kashe kasuwarta. Ya sunkuyar da kai. Can sai ya ɗago.

“To, Ardo, tunda ka matsa. Na rage wani abu.”

“Na sani. Faɗi.”

“Cewa ya yi, ka je wurin tsohon banzan nan mai wuyan zalɓe, wanda ko kunu aka dama da shi ba zai yi kauri ba, ka ce ya jawo tsinannun ƙafafunsa ya zo ya yafe mini kafin in mutu, in kuma ya ƙi, ya jira ni a can in same shi.”

Murmushin ya bar fuskar Ardo. Igiyar da ke hannunsa ta faɗi.

“Mai wuyan zalɓe ya ce?”

“Haka ya ce.”

Ardo ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa. “Wayyo, Barau,” ya ce. “Ashe da gaske tafiya zai yi.” Ya miƙa hannu aka ba shi sandarsa.

Sun iske shi da sauran numfashi. Ardo ya sunkuya ya shiga ɗakin da bai taɓa shiga ba, ya zauna a bakin gado, ya kama hannunsa ya ce ya yafe duniya da lahira, shi ma a yafe masa. Barau ya lumshe ido, hawaye na bin gefen kunnensa. Can ya buɗe, ya nemi Jaji a bakin ƙofa.

“Ka faɗa masa yadda na faɗa?”

Jaji ya dubi Ardo, ya dubi mai mutuwa.

“Yadda ka faɗa, ranka ya daɗe. Ban taɓa komai ba.”

“Madalla,” in ji Barau. “Yau dai ka yi aikin kirki.”