Shekarar da Giok-lan Ba Ta Ƙulla Cang Ba

A lungun Bayan Rijiya, can ƙasan garinmu mai kallon kogi a kudancin Fujian, ba kalanda ake dubawa a san watan biyar ya kama ba. Hanci ke faɗa. Ranar da ka tashi ka ji ƙamshin dafaffen ganyen gora ya shigo maka har cikin gidan sauro, to Kho Giok-lan ta ɗora tukunyar cang, wato shinkafar da ake ƙullewa a ganyen gora a dafa, bikin tseren kwale-kwale ya matso ke nan.

Bana ma lungun ya yi ƙamshi, amma ba daga gidanta ba. Mijinta Hok-lai ya rasu cikin sanyin da ya wuce, kuma gidan da aka yi rashi ba ya ƙulla cang sai shekara ta zagayo. Haka aka gada. Masu makoki su naɗe hannu, dangi da maƙwabta su kawo musu, su kuma su mayar da ɗan ƙunshin sukari tukwici. Abu mai sauƙi ga wanda ya zauna da mutane lafiya. Ita kuwa Giok-lan, babu macen da ke lungun nan wadda ba ta taɓa kushe wa cang ba, kuma a gaban jama'a.

Ba za a ce ba ta da abin yin bakin ba. Tun tana yarinya kakarta ta zaunar da ita a gaban kwatarniya, ta koya mata ƙona karan shinkafa a tace tokar, a jiƙa shinkafa mai danƙo a ruwan har ta koma rawaya. A lanƙwasa ganyen gora biyu kamar mazurari, a zuba, a naɗe kusurwa huɗu, a ɗaure. Sirrin duka yana wajen zubawa. Ba a cikawa. Sai an bar wa shinkafa wurin kumbura, yadda in ka girgiza ɗanyen ƙulli a kunne za ka ji tana motsi a ciki. In an yi haka, ya wuni a wuta ya huce, sai ka ɓare ka ga abu garai-garai kamar zuma ta daskare, yana rawa a faranti tun kafin ka dangwala shi a sukari.

Da wannan motsin ta samu miji. Hok-lai, mai buga wa kwale-kwalen unguwarsu ganga a lokacin, ya zo aron babbar tukunya gidan ubanta, ya tarar da ɗanyun ƙulle-ƙulle rataye a sakatar ƙofa. Ya ɗauki ɗaya ya girgiza a kunne, ya lumshe ido.

"Ana ruwa a cikin nan," in ji shi.

"Ajiye mana abinmu, mahaukaci," in ji ta.

Ya ajiye, ya fita, ya manta da tukunyar da ta kawo shi. Shekara na zagayowa tana gidansa. Daga nan har gashinsu ya yi fari, ƙullin farko na kowace shekara shi take miƙa wa. Ya girgiza, ya lumshe ido, ya ce ana ruwa, ita kuma ta ce masa mahaukaci. Ba ta taɓa gaya masa cewa ba don bikin take ƙulla cang ba, don wannan maganar ne.

Sai dai hannun da ya iya abu yakan koya wa baki girman kai. Ta ce na matar mai gyaran keke kunu ne aka sa wa riga. Ta ce na matar mai shayi an ɗaure shi kamar ɓarawo. Wadda ta fi shan wuya ita ce Bi-tin, ƙanwar Hok-lai, mai zama a ƙarshen lungun kusa da ceɗiya. Bi-tin ba ta iya zuba kaɗan ba, ko a tukunya ko a kwanon baƙo. Takan cika ganyen dam, shinkafa ta rasa inda za ta miƙe, tsakiya ta fito da tauri. Wata shekara a bakin rijiya, mata cike, Giok-lan ta danna na Bi-tin da babban yatsa ta ce a ajiye shi don jifan kare. Aka yi dariya, har da Bi-tin. Amma tun daga ranar ba ta sake aiko da cang gidan yayanta ba.

Ana saura 'yan kwanaki biki, Giok-lan ta je ta sayo sukari, ta zauna ta ƙunsa shi ƙunshi-ƙunshi a takarda, ta jera a kan teburin da hoton Hok-lai yake. Ta ƙunsa da yawa. Da ta ja baya ta dube su, kunya ta kama ta, ta ɗauko ƙyalle ta rufe.

'Yarta Siok-hui ta bugo waya daga Manila.

"Mama, kada ki damu, zan sa a sayo miki a kasuwa a kawo har gida."

"Na kasuwa sayowa ne, ba kawowa ba. Wa zan ba sukarin, ɗan aike?"

"To ki kira Gwaggo Bi-tin mana."

"In roƙa? Ni? Kuɗin wayarki na ƙonewa, sai an jima."

Kwanakin nan sun yi mata wani iri. Rana ta yi nauyi, iska ta tsaya, tururin tukwanen mutane yana ratsowa ta saman katanga ya zauna mata a tsakar gida. Takan zauna a kujerar gora bayan cin rana, gyangyaɗi ya ɗauke ta, ta farka ta tarar hannuwanta suna ta aiki a kan cinya, suna lanƙwasa ganyen da babu, suna zuba shinkafar da babu. Daga kogi gangar masu gwajin tsere tana zuwa tana komawa da iska. Wani lokaci sai ta ga kamar Hok-lai ne a bakin ƙofa, saurayi, wandonsa a naɗe, ƙafafunsa jiƙe da ruwan kogi, yana leƙen sakata yana neman abin da zai girgiza. Sakatar kuwa wayam. Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ita ta iya haƙura, amma ranar biki sai an ajiye wa mamaci rabonsa a gaban hotonsa, kuma farantin Hok-lai zai tashi babu komai saboda bakinta.

Ranar biyar ga wata ta waye. Ta share gida, ta kunna turaren tsinke, ta wanke farantinsa mai zanen kifi ta ajiye. Ta buɗe ƙofar gida duka biyu, abin da ba ta saba ba, ta zauna inda za a gan ta amma ta yi kamar tsintar wake take. Mutane suka yi ta wucewa zuwa kogi, kowa ya gaishe ta da ladabi ya ƙara sauri. Rana ta take tsaka, ta ji gugan mata a rijiya suna ɗiban ruwan tsakar rana na wannan yini, wanda ake ajiyewa don magani. Ta ji dariyarsu. Sai kuma dariyar ta ɗauke, lungun ya yi tsit.

Ta tashi za ta rufe ƙofa, sai ga Bi-tin da kwando a hannu, tana haki, gumi har wuya.

"Matar Yaya, matsa mini, ƙafata ciwo take."

"Wa ya ce ki tako da ciwon ƙafa?"

"Ba wajenki na zo ba, wajen yayana na zo. Ke dai kin tsare hanya."

Ta shige ta dire kwandon a tebur ta buɗe. Cang ne manya-manya, kumbura-kumbura, zaren har ya nutse a jikinsu. Giok-lan ba ta san lokacin da hannunta ya kai ba. Ta ɗauki ɗaya, babban yatsa ya danna tsakiya. Dutse. Maganar ta taso mata har maƙogwaro, tsohuwar magana, a shirye.

Bi-tin tana kallonta, hannu a ƙugu. "Faɗi mana. Ai na ga tana miki ƙaiƙayi."

"Ban ce komai ba."

"Yatsanki ya ce. Kin san yayana duk shekara sai ya zagayo ta bayan gida ya girgiza nawa? Sai ya ce, Bi-tin, gidan nan fari ake yi, ko ɗigo babu. Sannan ya zauna ya ci uku, ya goge baki, ya ce kada in gaya miki."

Giok-lan ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Ta zauna a bakin kujera da ƙullin a hannu, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Bi-tin ba ta rarrashe ta ba. Ta ɓare ɗaya ta ɗora a farantin mai kifi, ta gyara turaren, ta ɗaga ƙyallen da ke gefe ta ga tulin ƙunshin sukari.

"Tabɗi! Duk wannan na wa?"

Giok-lan ta sunkuyar da kai tana juya ƙullin da ke hannunta.

"To bari in gaya miki," in ji Bi-tin, ta rage murya. "Suna can bayan ceɗiya, kowa da kwandonta, tun da aka gama jan guga. Matar mai keke sau biyu tana sake dafa nata. Babu mai ƙarfin halin shigowa. Suka ce ni in fara, tunda nawa ya fi na kowa muni, kuma fatata ta riga ta saba. In kin zage ni, su juya. Kunnuwansu na nan a jikin katangarki. Ke da kika iya bar wa shinkafa wuri, ki bar wa mutane mana."

Giok-lan ta share fuska da gefen riga. Ta warware zaren, ta ɓare ganyen, ta kunce ƙunshin sukari ɗaya ta dangwala, ta gatsa daga tsakiya, daidai inda ya fi tauri. Ta tauna, ta tauna, haƙoranta na tsufa suna kokawa da shi. Ta haɗiye da ƙyar. Sannan ta juya wajen ƙofa ta ɗaga murya yadda har na bakin rijiya zai ji.

"Kai, Bi-tin! Bana kam ya dahu!"

"Maƙaryaciya," in ji Bi-tin a hankali, tana goge nata idon.

Suka zuba wa ƙofa ido. Gangar kogi ta yi nisa. Sai wani sauti ya taso daga ƙarshen lungu, siriri, shaa-shaa, yana matsowa. Giok-lan ta ɗaga kai ta dubi sama, babu ko gajimare. Silifan mata ne suke jan ƙasa, da yawa, suna tahowa. Ta lumshe ido ta saurara, sannan ta juya ga hoton da ke bayan faranti.

"Mahaukaci," in ji ta, "ana ruwa."