Kwalarar Aro

Ni tun ina yaro siriri ne. Ko na cinye tuwo kwano guda, wanda ya gan ni sai ya tambaya ko lafiya. Wannan ramar ce ta samo mini aikin da ban taɓa yin irinsa ba.

Shekarar nan ruwa ya yi yawa, kogin Komadugu ya cika har ya fara shiga gonakin tattasai, kowa na fargabar amai da zawo. Ina zaune a shagona na ɗinki a kasuwar Diffa, sai ga maƙwabcina, wanda shi ne majo, wato shugaban masu jinya a gidan likita. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ne daidai."

"Daidai da me, Majo?"

Ya ce manyan likitoci ne suka zo daga asibitin koyarwa tare da ɗalibansu, za su gwada ko gidan likitarmu zai iya da annoba idan ta faɗo. Suna neman masu yin ciwon ƙarya, a ɗauko su, a karɓe su, a ga inda aikin ke cijewa. "Amma kada ka faɗa wa kowa," in ji shi. "Ko mai gadin ƙofa bai sani ba."

Na riƙe amana har ta yi yawa. Ko matata ban faɗa wa ba.

Da safe wata ɗaliba ta zo bayan shagona, ta shafa mini hoda mai launin toka a fuska, ta koya mini yadda zan riƙe ciki da yadda zan saki wuya. Ba a jima ba ambilans ta iso da jiniya. Maimakon in shiga da ƙafata kamar yadda aka ce, sai daɗin abin ya ɗebe ni, na zube a gaban masu sayar da bandar kifi ina nishi. Aka ɗauke ni a makara ta likita, kasuwa na salati.

A gidan likita an kafa tanti, an kewaye shi da igiya. Ma'aikata sun shige cikin fararen riguna na roba, da takalman ruwa, da tabarau, ba ka gane mace ba ka gane namiji. Aka fesa mini ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta a ƙafa, aka kwantar da ni a wani gado mai rami a tsakiya da bokiti a ƙasa. Wani ɗalibi ya manna mini robar ƙarin ruwa a hannu, babu allura. Babbar likitar, wata dattijuwa mai sanyin murya, tana tsaye tana kallo. Ba ta yin faɗa, sai dai ta ce, "Ka taɓa wannan, za ka taɓa wancan. Me ka manta?" Sai ɗalibi ya ruga wurin wanke hannu.

Ina cikin jin daɗin kwanciyata na jiyo muryar Inna.

Mahaifiyata tana zaune a ƙauyen Gagamari, amma labari ya riga ambilans gudu. Ta cika adaidaita da ƙannenta, ta biya ta ɗauki matata. Mai gadi ya tare ta, ta zazzaga masa Barbarci, don da shi take faɗa in ranta ya ɓaci. Ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashin igiya. Ɗalibin ya sha gabanta yana bayani da Faransanci.

"Cire tabaran nan in ga da wa nake magana," in ji ta, ta wuce.

Ta kama fuskata da hannu biyu tana kuka. Na raɗa mata, "Inna, wasa ne."

"Wayyo, ya fara sambatu!"

"Wallahi lafiyata lau, Inna."

Dole na tashi zaune. Ta saki fuskata, ta dubi tafin hannunta, duk hoda. Ta sake dubana. Da a ce ramin gadon nan zai ci mutum, da na bi ta cikinsa.

Babbar likitar ta tara kowa. Ta ce da ciwon gaskiya ne, da wannan baiwar Allah ta koma ƙauye da cutar a hannunta. Sun shirya wa magani, sun shirya wa bokiti, amma ba wanda ya shirya wa uwa. Ta sa aka ba Inna kujera, ta wanke mata hannu da kanta, ta tambaye ta me zai sa ta haƙura ta tsaya a waje. Inna ta ce inuwa, da wanda zai fito ya faɗa mata halin ɗanta da harshen da take ji. Kafin baƙin su tafi an kafa rumfa a bakin igiya. Daga baya da ciwon ya ɓulla da gaske a ƙauyukan bakin ruwa, a nan dangi suka riƙa zama, wani ma'aikaci mai jin Barbarci da Fulatanci yana kawo musu labari.

Ni kuwa na koma gida na tarar da zaure cike da ƴan sannu. Na yi bayani har na gaji, ba wanda ya yarda, don rabin kasuwa ta ga faɗuwata. Wata maƙwabciya ta aiko da farfesun kifi. Matata, wadda tun a hanya ba ta kula ni ba, ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce, "Kwanta ka ƙarasa abin da ka fara."

Na kwanta. Inna ta zauna a bakin ƙofa tana amsa gaisuwa, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Kowace safiya kuma ta jiƙa mini sassaƙen maɗaci, ta tsaya a kaina sai na shanye, har ranar da ta koma Gagamari.