Lahadin da Baba Ya Durƙusa a Gaban Ikkilisiya

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba zan manta da Lahadin da mahaifina ya durƙusa a gaban jama'a ba. Lokacin ina ɗaliba a Samaru, duk ƙarshen mako nakan hau bas in koma gida Sabon Gari.

Baba tsohon hedimasta ne, kuma dattijo a cocinmu. Mutum ne mai gaskiya, amma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya ba wani haƙuri ba. A shekarar aka kawo mana sabon fasto, matashi, wanda Baba ya koyar a firamare. Faston ya ga 'yan kudu masu sana'a a kasuwa sun yi yawa a cikinmu, ga shi Hausarsu ba ta yi ƙarfi ba, sai ya nemi a riƙa fassara wa'azi da Turanci. Baba ya ce atafau. A taron dattawa ya ce masa, "Kai da na koya wa riƙe alli, kai za ka sauya mana sujada?" Daga nan ya shiga bi gida-gida yana haɗa mutane, za su ɓalle su buɗe nasu cocin a unguwar Jushi. Abin ya kai har mata a ƙungiyar zumunta ta cocin suka daina gaisawa.

Ran nan ana Jibin Ubangiji, Baba na cikin masu rarraba gurasa. Ya zo layin baya wurin wata tsohuwa 'yar kudu mai sayar da busasshen kifi, ya miƙa mata faranti. Ba ta ɗauka ba. Ina kusa, na ji ta da kunnena, cikin Hausarta mai gargada ta ce, "Baba, ba ka so mu a nan. Yaya zan karɓa daga hannunka?" Hawaye na zubo mata.

Na ɗauka zai daka mata tsawa. Sai na ga ya tsaya cak. Can ya juya ya ajiye shi a kan tebur, ya nufi fasto, ya zube a gwiwoyinsa da babbar rigarsa.

"Ɗana, na yi maka laifi, na yi wa jama'ar Allah laifi. Girman kai ne, ba kishin ikkilisiya ba. Ka gafarta mini."

Fasto ya yi ta ƙoƙarin ɗaga shi yana cewa, "Haba Baba, tashi, don Allah tashi." Da Baba ya ƙi, shi ma faston ya durƙusa. Baba ya juyo ga jama'a ya maimaita maganarsa da Turanci, don 'yan layin baya su ji. Sannan ya koma wurin tsohuwar, ta ɗauki gurasa.

Maganar Jushi ta mutu a ranar. Baba ne ya zama tafintan wa'azi har ƙarfinsa ya ƙare, a gida ma ya yi laushin da Mama ta riƙa mamaki.

Da na gan shi a ƙasa, kunya ce ta fara kama ni, na zaci mutuncinsa ya zube. Yanzu na san ban taɓa ganinsa da girma kamar ranar ba. A wurinsa na koyi cewa tuba ba ta rage mutum, kuma ba a tsufa da ita.